Hoton da Detlef Ya Ɗauka a Ƙofar Asibiti

Akwai wani direban tasi a garinmu, nan yankin Ruhr na Jamus, ana kiransa Detlef. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san ba tafiya kaɗai zai samu ba, har da labarin ƙwallo, ko yana so ko ba ya so.

Ƙungiyar garinmu, masu koriyar riga, ita ce rayuwarsa. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne, a kafaɗa ya fara kai shi filin wasa. Da waya ta zo, sai Detlef ya buɗe shafi a intanet yana kawo wa magoya baya labarin wa za a saya, wa za a sayar. Komai ya rubuta sai ya ce daga majiya mai tushe ya samo.

Idan aka buɗe kasuwar 'yan wasa a watan Janairu, bawan Allahn nan ba ya iya zama wuri ɗaya. Danja ta tsayar da shi, waya. Kofi na hucewa a gabansa, waya.

Gudrun, mai rumfar soyayyen dankali a bakin filin, ita kaɗai ke iya masa.

"Detlef," in ji ta, "ɗan Brazil ɗin nan da majiyarka ta ce yana hanya tun bara, a ƙafa ya taho ne?"

"Ke dai ki soya dankalinki. Magana ta lalace ne a mintin ƙarshe."

"Kullum a mintin ƙarshe take lalace maka. Miƙo kofin in ƙara maka, ko hannunka ya samu wani aikin."

Amma a wannan shekarar ba ƙwallo kaɗai ke hana shi sukuni ba. Jikarsa Merle, 'yar 'yarsa Svenja, tana kwance a babban asibitin birnin da ke maƙwabtaka da mu. Kansar jini ce. Likitoci sun ce in ba a yi mata dashen ɓargo ba, babu wata dabara da ta rage.

Tun kafin sanyi ya shigo ƙungiya ta yi musu kara. Aka kafa tebura a ƙofar filin, duk mai niyya ya zo a goga masa auduga a cikin kumatu, a sa shi cikin masu son bayar da ɓargo. Magoya baya suka yi layi, 'yan wasa ma suka zo da kansu. Bayan wani lokaci asibiti suka kira Svenja, suka ce an samu wanda jininsa ya dace da na Merle. Ko wane ne, ba a faɗa. Ƙa'idar ke nan: mai bayarwa ba ya sanin mai karɓa, mai karɓa ba ya sanin mai bayarwa. An dai sa rana.

Detlef yana son yarinyar nan fiye da ransa, amma ba ya iya zama a gefen gadonta. Da ya ga robobin da aka saka mata a hannu sai ya zaro waya. Tsoro ne, ba rashin kula ba. Wayar ce maɓoyarsa.

Wata Laraba da hantsi ya je dubiya. Merle tana sanye da koriyar riga mai lamba huɗu, wadda ta kai mata har gwiwa. Lambar Torben ce, kyaftin ɗinmu mai tsaron baya, ɗan garin nan da bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba.

"Kaka, da ni kake hira ko da wayarka?"

"Da ke mana, sarkin surutu."

"To me na ce yanzu?"

Ya sosa ƙeya. Svenja ta harare shi ta ce, "Baba, in ba za ka iya zama ba, je ka sha iska ka dawo."

Ya fita. Yana isa harabar asibitin sai ya hango wani dogo ya ja hula har gira, yana fitowa ta ƙofar gefe, da auduga manne a gwiwar hannunsa inda aka ɗebi jini. Ko a cikin duhu Detlef ya san tafiyar nan. Torben ne.

Duk mai bin ƙwallo ya san abin da ake yi kafin ɗan wasa ya sa hannu a sabuwar ƙungiya: gwajin lafiya. Ga shi ana saura kwanaki kaɗan a rufe kasuwa. Ga shi birnin nan na masu jar riga ne, abokan gabarmu tun zamanin kakanni. Ga kyaftin yana ɓoye fuska. Detlef bai nemi ƙarin bayani ba. Nan take ya ɗauki hoto, ya rubuta a ƙasa: "Majiya mai tushe: Torben ya gama gwajin lafiya, ya sayar da mu ga masu ja."

Kafin ya koma ɗakin Merle, hoton ya zagaye gari. Kafin yamma jaridun wasanni sun ɗauka. A karon farko a rayuwarsa aka ambaci sunan shafinsa a rediyo, kuma gaskiya ya ji daɗi.

Ƙungiya ta ce ba gaskiya ba ne, amma ba ta faɗi abin da ya kai shi asibitin ba. Torben ma ya yi gum. Shirun nan ya ƙara wa wutar fetur.

"Ka tambaye shi?" in ji Gudrun washegari.

"In tambaye shi me? Ga hoto."

"Hoto ya nuna mutum a asibiti. Kai ma a asibitin kake ai. Masu ja sun saye ka ne?"

Detlef ya yi tsaki ya bar mata dankalinta.

Ranar Asabar muka buga wasa a gida, aka ci mu. A filinmu, ko an ci ko an sha kashi, 'yan wasa sukan zo gaban shingen magoya baya su tsaya bayan an tashi. Akwai kuma hukuncin da ba a cika yi ba, wanda ya fi zagi zafi: a ce wa ɗan wasa ya tuɓe rigar ƙungiya ya ajiye ta a kan ciyawa, wato bai cancanci saka ta ba.

Ran nan aka yi wa Torben. Dubban bakuna suna cewa ya tuɓe. Detlef yana sahun gaba, ya riƙe shinge, muryarsa har ta dushe.

Torben ya matso ya ɗaga hannu. "Babu inda zan je," in ji shi. Babu wanda ya saurara. Ya daɗe a tsaye cikin yayyafi, sannan ya cire rigar ya ninke ta, ya ajiye a hankali.

Yana ɗagowa wani daga sama ya wurgo kwalba. Ta same shi a goshi. Jini ya rufe masa ido, aka fitar da shi da tawul a fuska. Detlef bai yi jifa ba, kuma abin da ya yi ta faɗa wa kansa ke nan a hanyar gida.

Ranar Litinin da safe Svenja ta kira shi. Muryarta ba ta fita sosai.

"Baba, sun ɗage dashen."

"Sun ɗage kamar yaya? Ba an sa rana ba?"

"Wai mai bayarwar ba shi da lafiya, sai ya warke. Likita ta ce za su yi ƙoƙari su riƙe cutar kafin lokacin, amma ba ta yi min alkawari ba. Baba, in ta dawo fa?"

Ya yi ta zagaya gari da mota babu fasinja, har ya tsinci kansa a rumfar Gudrun. Ba ta tsokane shi ba. Ta ƙara muryar rediyo kawai.

Sanarwar ƙungiya ake karantawa, da izinin Torben. Yana cikin waɗanda aka goga wa auduga a ƙofar filin. Jininsa ya dace da na wani marar lafiya, shi ya sa ya je gwaji ranar Laraba, kuma an roƙe shi ya yi shiru saboda sirrin marar lafiyar. Raunin goshinsa ya yi ruwa, yana shan magani, don haka an ɗage bayar da ɓargon.

Kofin da ke hannun Detlef ya zame. Ya zauna a kan dakalin rumfar, cikin ruwan sama.

Bai goge hoton a ɓoye ba. Ya rubuta a shafin cewa ƙarya ya yi, ba shi da wata majiya, bai taɓa samu ba. Sannan ya tuƙa zuwa filin atisaye ya jira a bakin ƙofa har Torben ya fito da bandeji a goshi.

"Ni ne na ɗauki hoton," in ji Detlef.

"Na sani. Kai ne mai tasin nan, kakan yarinyar da muka yi wa layi."

"Ita ce? Don Allah ka gaya min, ita ce za ka ba?"

"Ban sani ba, dattijo. Ce min aka yi ƙaramar yarinya ce. Ban tambayi ko jikar wa ba ce."

"Bayan abin da na jawo maka, za ka fasa?"

Torben ya dube shi kamar bai gane tambayar ba. "Yarinyar ce ta jefe ni?"

Detlef ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka a gaban mutane, bai ji kunya ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwarsa. Zazzaɓi ya kama Merle, ta rame, wata rana ko ido ba ta buɗewa. Wannan karon ya zauna. Wayar tana cikin mota, shi yana gefen gado, yana riƙe da yatsunta.

Goshin Torben ya warke. A wata Alhamis ƙungiya ta ce kyaftin ba zai buga wasan ƙarshen mako ba. Washegari aka yi wa Merle dashe. Babu wanda ya ce komai, kuma babu wanda bai gane ba.

Yarinya ta tashi. Amma da kakar wasa ta ƙare, Torben ya bar garinmu. Ba wajen masu ja ya je ba, wata ƙaramar ƙungiya ya koma can arewa, bakin teku. Matarsa ce ta ce ba za ta iya renon 'ya'yanta a garin da aka rubuta musu "maci amana" a ƙofar gida ba. Mutumin da ya ƙi tafiya lokacin da manyan ƙungiyoyi ke zawarcinsa, mu muka kore shi da bakinmu.

Da likitoci suka yarda Merle ta shiga cikin jama'a, Detlef ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta filin, kamar yadda mahaifinsa ya yi masa. Gashinta ya fara tsirowa, rigar nan mai lamba huɗu ta daina kai mata gwiwa. 'Yan wasa suka fito, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi.

Sai ta sunkuyo ta ja kunnensa.

"Kaka, ina Torben?"

Detlef, wanda bai taɓa rasa labarin inda ɗan wasa ya koma ba, da ƙyar ya ce, "Ya tafi, Merle. Ni na sa ya tafi. In mun je gida zan gaya miki yadda aka yi."

Darasi: Abin da idonka ya gani ba shi ne dukan labarin ba. Kafin ka yaɗa magana a kan wani, tsaya ka tambaya, domin ɗan wasan da kake yi wa ƙazafi mutum ne mai iyali, kuma wataƙila wanda kake ɓata wa suna yau shi ne ke ɗauke da maganin gidanka. Ka tura wa abokinka da yatsansa ya fi tunaninsa sauri, ko ya tsaya ya duba kafin ya danna.