Aradu a Tulun Tabawa

A zamanin da, wani jakada baƙo ya zauna a birnin Sarki Dambo yana gwaje-gwajensa, har aka ce ya kama aradu a kwalba. Kishi ya kama sarki, ya kira Tabawa maginiyar tukwane.

"Ki kawo mini aradu a tulu kafin Juma'a, ko ki bar garina."

Ran Juma'a ta dire tulu, baki a liƙe.

"Ranka ya daɗe, tana ciki."

"Buɗe mu gani!"

"To. Amma jakada ya ce kan mafi girma take faɗawa. Ko akwai wanda ya fi sarki a nan?"

Sarki ya ɗan ja baya.

"Bar shi a rufe, Tabawa. Mun gani."