Maɓallan da Ba Su da Suna

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan, yau sai kun yi musu.

A wani ƙauyen masunta akwai Malama Uwani, makauniya, ita ke sa sanarwa a shafin intanet na ƙungiyarsu. Wayarta ke karanta mata abin da ke kan allo. Amma wanda ya ƙera manhajar, Allah ya shirye shi, bai raɗa wa maɓallai suna ba. Na wallafawa da na gogewa duk "maɓalli" wayar ke ce musu. Rannan ta danna ɗaya, sanarwar shekara uku ta tafi fat! Innalillahi! Aka ce a sauke Uwani daga aikin.

Barau, wanda ko kunna kwamfuta bai iya ba, ya miƙe a taro ya ce, "In kwalekwale na yoyo, toshe shi ake yi, ba a jefa matuƙi a ruwa." Ya kafe sai da aka bar ta, ya kuma ce shafin ya riƙa karanta sanarwa da murya, don rabin masunta ba sa karatu.

Tanimu mai haɗa manhaja ya yi mako biyu yana bai wa kowane maɓalli suna, ya sa muryar, ya rantse ya gama.

Hansatu ƙanwarsa ba ta yarda ba. Ta ɗaure idonta da gyale ta gwada. Ashe wayar tsallake maɓallin wallafawa take yi, sai mai ido ke iya kai wa gare shi! Tanimu ya ji kunya, ya gyara.

Ana nan, ranar kasuwa da hantsi, masu ido duk sun fita, aka bugo wa Uwani: an buɗe madatsar ruwa, ga mutum arba'in a kan tsibiri suna gyaran komar kamun kifi. Nan take ta rubuta gargaɗi, ta danna maɓallin wallafawa. Wayoyi suka ɗauki magana a tsibirin, mutane suka yi ta kansu. Wallahi ba a yi sa'a guda ba ruwa ya shafe wurin, ko tsinke ba ka gani. Ni da na tsaya a gaɓa, da idona na gani.

Masunta suka sassaƙa sabon kwalekwale suka kai wa Uwani. Ta shafa shi, ta ce, "Ni dannawa kawai na yi. Ku bai wa wanda ya sa hannuna ya kai."

Kwalekwale dai ɗaya ne, ba ya rabuwa. To, ku faɗa mini: Barau, Tanimu ko Hansatu, wa za a miƙa wa filafilin tuƙa shi?