Ƙulin da Ya Rasa Mansa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya miƙe zaune.

Ta zo mu ji ta, idonmu biyu.

Wata tsohuwa ce, ana ce mata Inna Tabawa. 'Yarta Kuluwa tana aure a ƙetaren gulbi, ga laulayin ciki ya saka ta a gaba. Tuwo ba ya zama, kunu ba ya zama, har ta rame ta koma kamar sillen kara. Sai ta aiko cewa ba abin da ranta ke so sai ƙuli-ƙulin uwarta, mai barkono da citta. Ga shi Tanimu mai jirgi da la'asar zai ƙetare, shi kuwa ko uwarsa ba ya jira.

Sai Inna ta tashi da ciwon bayanta. Ta soya gyaɗa a yashi, ta murje, ta sheƙe, ta niƙa a dutse. Ta zuba a turmi, tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa, har kafaɗa ta sage, har mai ya taso. Ta matse shi a ƙwarya. Kun dai san ƙuli da mansa ake soya shi.

Sai ga Hajjo maƙwabciya. "Sannu da aiki, Inna. A ɗan ɗiga mini na miya."

Inna ta ce, "Ɗebi, 'yar nan." Bakinta ya gaji da gardama tun kafin a fara.

Sai ga Dudu. "Yaya Tabawa, kan jikata ya bushe, a sam mini na kitso."

"Ɗebi."

Sai ga Barau wanzami. "Inna, askata ta yi tsatsa."

"Ɗebi, Barau, ka bar ni in numfasa."

Ta cuɗa tunkuza da yaji, ta mulmula, ta waiga ƙwarya. Wayam! Ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa ba.

Sai ta ja jiki gidan Hajjo. "Wayyo Inna, miya ta shanye." Ta je gidan Dudu. "Ai ga shi can a kan yarinya, sai dai ki matse kitson." Ta je wurin Barau, ya ce, "Kyauta kuma tana komawa gida, Inna?"

Ta dawo ta zauna a gindin murhu, rana ta karkata. Ta ce, "Yashin da ya soya uwar, ya soya ɗan." Sai ta zuba yashi a kasko, ta binne ƙulin a ciki. Ya gasu, ya fito kamar tsakuwar gulbi. Ni da nake fasa goruba da haƙori ɗaya, da na gan shi sai na gaishe shi na wuce.

Ƙamshi ya tashi, sai ga su su uku. "Inna, ɗanɗano!"

Ta ce, "Ku ɗiba."

Hajjo ta gatsa, ƙas! Dudu ta gatsa, ƙas! Barau ya ce ai mata ba su iya ba, ya gatsa da turmin haƙorinsa, ya tofar da turmin a tafin hannu. Inna ba ta ko yi dariya ba, ba ta da sauran ƙarfinta. Ta ƙulle ƙulin a tsumma, ta nufi gulbi, ta tarar Tanimu ya riga ya tura jirgi. Ta shiga ruwa har gwiwa ta cilla masa.

Can ƙetare Kuluwa ta dubi ƙulin, ta jefa a turmi, ta daka, ta kwaɗa da rama. Ta cinye tas, kuma ya zauna.

Da Tanimu ya dawo, ya sami Inna kwance ana taka mata baya. Ya ce, "Albishirinki, Inna! Kuluwa ta ci, ta miƙe. Ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Wai kowace kasuwa a aika mata, har ta haihu."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Cikin wata nawa ne?"

"Uku."

Inna ta juya fuska bango. Ta ce, "Ku taka da kyau, yara. Sannan ku sauko mini da gyaɗa."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ya faɗa turmi ya fito da yaji a hanci. Wanda bai iya cewa a'a ba, da yashi zai yi suya.