Shamuwa da Farar Hular Dutse

Wani a cikinku ya jefi sheƙar shamuwa yau. Na gan shi, suna ne kawai ba zan kira ba. Ku matso, marasa jin magana! Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

"Ta iso mu ji ta, Kaka!"

Wani gari ne a gindin dutse. Bazara ta yi zafi, rumbuna sun yi ƙasa, ido duk yana gabas. Sai ga Shamuwa ta dira kan soron Sarkin Noma, tana haki.

"Ranka ya daɗe, hadari na biye da ni, kuma..."

"Ke ce mai ɓata mini soro da kashi!" Ya jefe ta.

Ta dira kan rumfar Sarkin Pawa.

"Hadari na biye da ni, kuma..."

"Da kina da tsoka da na saurare ki!" Ya jefe ta.

Ta dira kan kukar tsohuwa Tasalla, wadda irin geronta ƙwarya guda ne tak. In ya tafi, ita da jikokinta sai yunwa.

Tasalla ta ce, "Sha ruwa, 'yar nan, ki faɗi maganarki duka."

Shamuwa ta ce, "Inna, iska ce gaba, ruwa na bin ta, ƙanƙara kuma za ta sa wa dutse farar hula. Kada ki shuka sai ya tuɓe ta."

Iska ta zo, ta yaye jinkaye. Ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, kan dutse fari fat.

Ƙasa ta jiƙu, kowa ya saɓi sungumi sai gonakin kwari, ana ta shuka. Tasalla ta ɗauki ƙwarya, ta dubi dutse, ta ajiye. Ta shiga, ta fita, ta kasa zama.

Sarkin Noma ya leƙo ta danga: "Tasalla, tsuntsuwa kika aura? Shukar fari ita ce shuka!"

Ta ɗauka, ta dubi dutse, ta ajiye. Jikoki na kuka: "Kaka, ƙasa na bushewa!" Ta ɗauka har ta kai ƙofa. Hula na nan. Ta dawo, ta ajiye.

Ran nan rana tsaka, babu ko ɗigon girgije, sai aka ji dutse na ruri. Hula ta narke! Ruwa ya gangaro kwari, ya tone irin kowa, ya yi gaba da shi. Baƙar ƙasa ya bari a baya, a cikinta Tasalla ta shuka geronta.

Da kaka, Sarkin Noma ya zo roƙon iri, kai a sunkuye. Shamuwa kuwa soronsa ta mayar makewayi, bai ƙara jifarta ba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa murhu. Mai kawo labari, a bar shi ya kai ƙarshe.

Kai mai ɓoye hannu a baya, in ba kai ne ka yi jifar ba, tashi ka musa!