Kebul ɗin da ya ɗaure labule

Akwai wani ofishin zanen gine-gine da Maigida ya riƙe shekara talatin. Da gwiwa ta fara yi masa gardama da matakala, sai ya miƙa ragamar ga mijin 'yarsa. Ma'aikata suna yi wa surukin laƙabi da Na-Waje, domin ba ya gama jimla uku bai ambaci inda ya yi karatu ba.

A ofishin akwai sakatariya da kowa ke kira Anti. Shekara goma sha tara tana adana zane-zanen ofis a wani ɗan akwatin ajiyar bayanai da ake jona wa kwamfuta. Suna ce masa Rumbu. Tsoho ne, mai nauyi, kuma yana da nasa kebul mai kai biyu, domin wutar rami ɗaya na jikin kwamfuta ba ta isarsa.

Ranar farko Na-Waje ya buɗe durowarta, ya ga kebul-kebul a naɗe. Ya sa aka juye su a kwandon shara, ya ce zai kawo na zamani.

Anti ta ce, "Yallaɓai, akwai guda ɗaya a ciki da..."

"Wa ya tambaye ki?" Ya faɗa a gaban kowa. "Daga yau ki koma teburin ƙofa. Aikinki sannu da zuwa. Abin da ba a tambaye ki ba, kada in ji bakinki a ofishin nan."

Ta ce, "To, Yallaɓai."

Waɗanda suka san Anti sun ji wannan "to" ɗin, suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka biyayya ce.

Mai shara ba ta son asara. Ta ga kebul mai kai biyu ya yi kyan ɗauri, ta ɗaure labulen ofishin Na-Waje da shi. Anti ta gani. Ba a tambaye ta ba.

Bayan wata huɗu, wani asibiti da Maigida ya zana tun yana da baƙin gashi ya aiko. Za su ƙara bene, suna son zanen harsashin ginin kafin Alhamis, in ba haka ba su nemi wani ofis. Su ne abokan hulɗa mafi daɗewa. Maigida ya buga waya ya ce, "Kada a kunyata ni." Zanen kuwa babu shi ko'ina sai cikin Rumbu.

Ranar Litinin Na-Waje ya jona Rumbu da sabon kebul ɗinsa, fari, dogo, siriri. Fitila ta kama. Rumbu ya yi ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru. Kwamfuta ba ta nuna ta san an yi baƙo ba.

Ya sauya rami. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya bi tebur bakwai na ofis ɗaya bayan ɗaya, yana ture masu su. Ya hura ramin da baki, wanda ban tabbata a waje aka koya masa ba.

Duk wucewar da zai yi da Rumbu a hammata, Anti sai ta ce, "Sannu da zuwa, Yallaɓai."

Talata ya kai Rumbu wurin wani mai gyara, dattijo mai tabarau. Mutumin ya kara kunne ya saurari ƙarar, ya ce, "Wannan lafiyarsa lau, yunwa yake ji. Ina kebul ɗinsa na asali?"

"Kebul ai kebul ne, Malam. Ka san inda na yi karatu kuwa?"

Mai gyara ya miƙa masa kayansa. "To a kai shi can."

Da ya dawo, mai zane mafi daɗewa ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, da an ɗan tuntuɓi Anti."

"In na rasa mai tambaya, zan tambayi bango."

Ya shige ofis ya zauna yana kallon taga. Kebul ɗin na gabansa, taku biyu, yana riƙe da labule. Iyakar abin da ya lura shi ne ɗaurin ya karkace.

Kada ku ɗauka Anti waliyyiya ce. An ce a kwanakin nan har ƙiba ta yi. Wata abokiyar aiki ta raɗa mata, "Anti, ba kya tausayinsa?" Ta ce, "Ina ji mana. Shi ya sa nake gaishe shi da kyau."

Laraba da safe Na-Waje ya shigo da wani mai gyara na biyu, mai jaka cike da sukundireba da tabbaci. Ya ce ƙura ce, zai farke Rumbu har cikin faifan da ke ɗauke da bayanan ya goge da auduga. Anti ta san faifan da aka buɗe a kan tebur ba ya sake tashi. Aikinta na shekara goma sha tara ne za a yanka.

Doka ta ce kada a ji bakinta a ofis. Sai ta fita bakin titi ta kira direban Maigida. "Ka gaya wa Baba yau za a yi wa Rumbu tiyata, ko zai so ya yi bankwana."

An kwance ƙusa ta biyu daga jikin Rumbu ke nan aka ji sanda a matakala. Maigida ya shigo yana haki, ma'aikata suka biyo shi. Ya dubi mai sukundireba, mutumin ya ajiye kayan aiki da kansa.

Na-Waje ya fara bayani. "Baba, ai fasahar ce ta tsufa, a can waje..."

Maigida bai kalle shi ba. "Anti, me ke damun Rumbu?"

"Tambayata aka yi, Baba?"

"Ke nake tambaya."

Ta taka a hankali ta wuce ta gaban Na-Waje. "Gafara dai, Yallaɓai." Ta kwance labule, ya zube ya rufe taga. Ta kaɗe ƙurar kebul, ta jona kai biyun a ramuka biyu. Rumbu ya yi gurnani ya daidaita. Kafin a ƙirga goma ya bayyana a allo, ga zanen asibiti a inda ta ajiye shi.

Na-Waje ya ce, "Kin sani tun Litinin?"

"Tun wata huɗu, Yallaɓai. Na fara faɗa, ka ce wa ya tambaye ni. Na jira, ba a samu mai tambaya ba."

Maigida ya juya gare ta. "Ke ma kin kai mu bakin rami. Kuma yau a kwafe komai a wuri na biyu." Ta ce ta karɓi laifinta, amma fuskarta ba ta nuna nauyinsa ya dame ta ba.

Sannan ya dubi surukinsa. "Ɗana, na ba ka ofis kafin ka san mutanen cikinsa. Kuskurena ne. Akwai kujerar da ake ganin kowa daga kanta. Za ka yi wata uku a kai."

An aika zane da la'asar.

Alhamis da safe Anti ta hawo matakala da jakarta. Na-Waje na zaune a teburin ƙofa, ya dasa ido a littafin baƙi. Ta tsaya a gabansa. Ta ƙi wucewa.

Da ƙyar ya ce, "Sannu da zuwa."

Ta ce, "Ka ɗan ɗaga murya, Yallaɓai. Ramin kunne ɗaya ba ya isata."

Darasi: Kafin ka rufe bakin wanda ya riga ka a wuri, bari ya ƙarasa jimlarsa, domin ranar da za ka buƙaci ragowarta tana nan zuwa. In kwamfuta ta ƙi ganin ma'ajiyarka, fara da kebul da wuta kafin ka kira mai sukundireba. Ku tura wa sabon shugaban da kuka sani. Ba lallai ya karanta ba, tunda bai tambaye ku ba.