Jinin Mai Ƙararrawa

A wata ikilisiya an yi wani tela, gwanin ɗinki, wanda in ya yanka maka riga sai ka ce a jikinka aka zana ta. Ba ya cutar kowa, ba ya fashin sujada, kuma muryarsa a waƙa har bakin titi ake jin ta. Aibinsa guda ɗaya ne: godiyarsa a baki take zaune. Ba kasafai take saukowa hannu ba, in ma za ta sauko sai ta waiga ta tabbata akwai masu kallo.

Wata ranar Talata yana dawowa daga sayen yadi a kan babur, mota ta yi awon gaba da shi. Cinyarsa ta karye, ya zubar da jini mai yawa. A asibiti aka ce sai an ƙara masa jini, kuma irin nasa ba a cika samu ba. Ikilisiyar tana da wani tsari mai kyau: in ɗan'uwa ya kwanta yana bukatar jini, wata nas da ke cikin mawaƙa ita ke bi gida-gida da shago-shago, mutane su je a gwada su. A ranar mutum goma sha bakwai suka miƙa hannu. Mutum ɗaya tak nasa ya dace.

Mutumin nan shi ne mai gadin cocin. Kowa Mai Ƙararrawa yake ce masa, don shi ke kaɗa ta, shi ke shara, shi ke jera kujeru. Siriri ne, ya ba hamsin baya, maganarsa ba ta wuce a ƙirga. Ya kwanta aka ɗebi jininsa, ya sha ruwa kofi biyu, ya koma bakin tsintsiyarsa, don da yamma akwai taron addu'a.

Tela ya warke sarai. Tun daga ranar da ya ajiye sanda, lokacin ba da shaida ya zama nasa. Duk Lahadi sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya faro labarin tun daga launin motar. Ya yabi Ubangiji, ya gode wa likita, ya gode wa Fasto, can a wutsiyar magana ya ce, "da wani bawan Allah da ya taimaka da jini." Yara har sun haddace inda zai tsaya ya share hawaye. Ba ƙarya yake yi ba, hawayen na gaskiya ne, kuma yana jin daɗin ransa da aka dawo masa da shi. Sai dai da an tashi, yakan wuce Mai Ƙararrawa yana tattara kujeru, ya ɗaga masa hannu daga nesa ya hau babur.

Wata rana matarsa ta ce, "Baban yara, ka kuwa kula da wandon Baba Mai Ƙararrawa? Gwiwa duk a waje. Kai fa tela ne."

"To ya kawo mana. Shagon a rufe yake?"

"Shi zai kawo? Mutumin da jininsa ke yawo a jikinka?"

"Ke dai ba ki gane ba. Allah ne ya yi aikinsa, Baba hanya ce kawai. Kuma sau nawa na ambace shi a gaban jama'a?"

Ta ce, "Ambato ba ya rufe gwiwa," ta ɗauki bokitinta ta fita.

Da shekara biyu ta kusa cika, Tela ya ƙudura zai yi godiyar da ba a taɓa gani ba. Ya sayi farin yadi mai nauyi, ya ce zai ɗinka wa mumbari mayafi, da gicciye a tsakiya da reshen inabi kewaye da shi, duk aikin hannu da zare mai ruwan zinariya. Ranar Lahadi za a shimfiɗa shi a gaban kowa, shi da iyalinsa su fito da rawa. Mako uku yana kai, ya ture ɗinkin mutane gefe, har masu kaya suka gaji da zarya.

Ranar Alhamis da hantsi yana sunkuye a kan ganyen inabi na ƙarshe, sai ga nas ta faɗo shagon, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ɗan'uwa, ajiye allurar nan. Baba Mai Ƙararrawa na asibiti. Gyambon cikinsa ya fashe, tun asuba yake aman jini. Likita ya ce sai an ƙara masa kafin a shiga da shi tiyata."

Tela ya dafe ƙirji. "Wayyo, Baba! Ubangiji ya taɓa shi. Bari mu yi addu'a."

"Mun yi, muna kan yi. Jini na zo nema. Na asibiti ya ƙare, mun aika wani gari, ba mu san yaushe zai iso ba. Ka san a duk cocin nan ku biyu ne masu irin wannan."

Ya dubi mayafin. Saura ganye ɗaya da rubutun ƙasa. Ya tuna an ce wanda aka ɗebi jininsa yakan yi jiri, hannu ya yi ta rawa, kuma aikin zare ba ya son hannu mai rawa. In ya lalace yau, babu lokacin warwarewa kafin Lahadi. Can ƙasan zuciyarsa kuma, abin kunya ga mai sana'ar allura, tsoron allurar asibiti yake yi.

Ya ce, "Ina zuwa. Ki ba ni zuwa ƙarfe ɗaya in rufe wannan ganyen. Aikin Ubangiji ne, kin gani."

"Wancan da ke kwance aikin wa ne?"

"Haba 'yar'uwa, na ce ina zuwa. Ni da aka yi wa wannan alherin? Ai ko ba ki zo ba zan je."

Nas ta dube shi, ta dubi agogonta, ta tafi, don ta bar marasa lafiya suna jira.

Ƙarfe ɗaya ta yi, ganye ya rufu, ya yi kyau ƙwarai. Sai ya ga rubutun ƙasa kalma huɗu ne kacal, ba zai ci rabin awa ba. Yana cikin kalma ta biyu zare ya ƙare. Wayarsa ta yi ƙara, ya ga nas ce, ya ce a ransa in ya ɗauka faɗa za ta yi, gara ya gama ya je gaba ɗaya. Ya hau babur ya nufi kasuwa. Mai zaren da ya saba ba shi da launin, sai da ya zaga shago huɗu. Yana dawowa ya tarar da matarsa tsaye a ƙofar shago, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba.

"Kana nan? Fasto ya kira ni sau uku! In ba za ka je ba ka faɗa, a san abin yi."

"Kalma biyu suka rage."

Ta fizge ƙullin zaren daga hannunsa ta jefa cikin shago, ta ja ƙofa ta datse kwaɗo, ta sa makullin a jakarta. "Tayar da babur ɗin nan."

Biyar saura suka isa. Tela ya shiga da sauri yana naɗe hannun riga, yana cewa, "Ga ni, ga ni, ina za a ɗiba?" A barandar ɗakin tiyata ya ga Fasto a tsaye da wasu dattawa. Nas ta fito, idonta ja. Ta dubi hannun da ya naɗe ta ce, "Sauke hannun rigarka. Likita ya jira har ƙarfe uku, da ya ga Baba ba zai kai ba ya shiga da shi haka. Baba bai fito da rai ba."

Tela ya zauna a kan benci. A ƙarshen bencin akwai wata dattijuwa riƙe da leda, da takalman roba da hular mijinta a ciki. Matar Mai Ƙararrawa ce. Shekara biyu Tela yana ba da shaida, bai taɓa sanin fuskarta ba sai da Fasto ya raɗa masa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya jira zagi, ya ma fi son ta zage shi.

Ta matso ta ce, "Kai ne telan? Sannu ɗana, ka sha hanya."

Ya ce, "Mama..."

"Yana ta zancenka. Da likita ya ce jini bai samu ba, sai ya ce, ku kwantar da hankalinku, ina da ƙane a cocinmu, jininmu ɗaya, yanzu za ku gan shi. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai. Har aka tura shi ciki yana ce mini in ka zo in ce ka sha ruwa da yawa tukuna, don kada jiri ya ɗebe ka."

Tela, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa a gaban jama'a ba, ya sauka daga bencin. Ya durƙusa a gabanta a kan siminti, ya kifa kai, ya yi kuka irin wanda babu wanda ya taɓa jin ya yi. Dattijuwar da aka yi wa rashi ita ce ta dafa kansa tana ba shi haƙuri.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Alherin Allah yakan zo mana ta hannun mutane, kuma ta hannun mutane yake so mu mayar da godiya. Shaida da waƙa da kyautar da za a shimfiɗa a gaban ikilisiya duk suna da kyau, amma ba sa maye gurbin ɗan'uwan da ke jiranka. In an yi maka alheri, ka san ƙofar wanda ya yi maka, ka san damuwarsa, kuma ranar da aka kira ka ka ajiye abin da ke hannunka ka tafi a lokacin. Yin godiya yana da lokacinsa, in ya wuce ba a dawo da shi.