Yaron da Manaja Ya Ƙirƙira

Akwai wani injiniyan manhajar kwamfuta da kowa a gidansu ke kira Manaja. Ba a ofis ya samo sunan ba. Tun yana ɗan firamare, in aka ce yara su share tsakar gida, shi ne zai tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, yana nuna wa sauran inda shara ta rage. Yayansa ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Mutum ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne: yana raina abin da hannunsa ya iya, yana kwaɗayin a ce shi ne babba. A wurinsa, wanda ya yi aiki ɗan aike ne, wanda ya ce a yi shi ne mutum.

A wani ƙaramin kamfani yake aiki, su kaɗan a ɗaki ɗaya, a saman wani shagon taya. Manhaja suke yi wa masu shagunan magani, wadda ke lura da abin da aka sayar da abin da ya rage. Shugabar aikin wata mata ce da suke kira Anti. Ita ke zuwa wurin masu shaguna, ita ke raba aiki, ita ke shan faɗa in an makara. Manaja kuwa shi aka jibga wa ɓangaren da kowa ya guje wa. In netwok ya ɗauke, manhajar sai ta tsaya cak, in ya dawo sai ta rubuta ciniki ɗaya sau biyu. Ya shafe watanni yana fama, har ya samo yadda za ta ci gaba da aiki ba netwok, in ya dawo ta daidaita komai ba kuskure. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma bai taɓa ba kowa labarinsa ba, don a ganinsa aikin yara ne.

Ana nan sai mai kamfanin ya tara su ya ce zai rufe. Labarin ya zo wa Manaja a mummunan lokaci. Shi da matarsa da 'yarsu Ummi a ɗaki ɗaya suke zaune a bayan gidan yayansa, ɗakin da tagarsa ke kallon katanga. Yayan kuma ya riga ya gaya masa cewa mahaifiyarsu za ta dawo gidan saboda ciwon ƙafa, kuma ɗakin nan ne kaɗai babu matakala. Bai kore shi ba, amma kullum sai ya tambaye shi, "Manaja, ya ake ciki?"

Cikin ikon Allah sai wani babban kamfanin manhaja ya kira shi intabiyu. Jami'ar ɗaukar ma'aikata ta yi masa bayani a waya cewa gurbi biyu ne: na injiniya mai rubuta manhaja, da na manaja mai tsara aiki da haɗa kan ma'aikata. Zai yi yini guda ana ganawa da shi, su kuma za su duba inda ya fi dacewa.

"Kowanne aka ba ka, ka karɓa," in ji matarsa, tana goge masa riga a kan katifa. "Abban Ummi, ni dai mu samu mu fita daga ɗakin nan da mutuncinmu."

"Ke dai ki sa ido," ya ce. "Ba a banza ake kira na Manaja ba."

Ranar intabiyu aka ba shi katin baƙo ya rataya a wuya, aka hau da shi bene, aka kai shi wani ɗan ɗaki a ƙarshen dogon baranda. Tebur ne da kujera biyu, da farin allo a bango. Babu taga, sai bango ɗaya na gilashi mai kallon barandar. Jami'ar ta ce katinsa ba ya buɗe ƙofa ko ɗaya, ko banɗaki zai je sai an raka shi. Shi zai zauna, masu tambaya su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko wata matashiyar injiniya ce mai tabarau. Ta ba shi matsala ya warware a allo, kafin ta gama gyara zama ya gama. Ta yi murmushi, ta ce ya ba ta labarin aikin da ya fi alfahari da shi. Ya kawo zancen manhajar shagunan magani.

"Mene ne naka a ciki?" ta tambaya.

Nan ne Manaja ya gyara wuyan riga. "Ni na jagoranci aikin gaba ɗaya."

"To, wancan ɓangaren da ke aiki ba netwok fa? Wa ya rubuta shi?"

"Wani yarona ne," ya ce, yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Ni dai na nuna masa hanya. Na daɗe da wuce matakin zama ina rubutu da hannuna."

Ta rubuta a kwamfutarta, ta yi godiya, ta fita. Ta gilashi ya hango ta tsaya da wani dogon mutum, tana nuna masa abin da ta rubuta. Abin da Manaja bai sani ba shi ne, al'adar wurin ke nan. Mai fita yana gaya wa mai shigowa abin da ya ji, da inda ya kamata a ƙara tonawa. Shi ya ɗauka kowa da tambayoyinsa zai zo, maganar da aka yi kuma ta wuce.

Dogon mutumin manaja ne na gaske. Ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "An ce kai ka jagoranci aikin shagunan magani. Madalla. Lokacin da masu shaguna suka nemi a ƙara abubuwa bayan wa'adi ya matso, me ka yanke, me ka bari?"

Wannan rigima ta faru, amma Anti ce ta sha ta. Manaja rabin labarin kawai ya ji, shi ma ta bayan kujera, lokacin da take waya. Ya ɗauko rabin ya miƙa.

"Wa ya ƙi yarda a cikinsu?"

"Wani... babban mai shago."

"Me ka ce masa har ya sauko?"

"Na nuna masa muhimmancin haƙuri."

"Da wace magana?"

Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, amma zufa ta fara bin bayan Manaja. Duk amsar da ya bayar sai ta haifi tambaya biyu, kuma kowace tambaya tana neman abin da sai wanda ya je wurin zai sani. Sai mutumin ya juya akalar zance. "Wannan yaron naka fa, ya ka gane zai iya aiki mai wuya haka?"

Dole Manaja ya zauna ya ƙera mutum daga babu. Ya ce yaron shiru-shiru ne, in ya kama matsala ba ya saki. Da aka tambaye shi rauninsa, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Yana da ɗan girman kai." Mutumin ya rubuta wannan ma.

Da rana aka kawo masa abinci cikin kwali, a ɗakin ya ci, ko in ce ya tsakura. Ya miƙe ya taɓa ƙofa, a rufe take. Ma'aikata suna ta wucewa ta baranda da kofunan shayi, ba wanda ya ko waiwaye shi. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce.

"Ya ake ciki? Ummi ta ce in gaya maka, in za ka kama mana gida ka nemi mai tagar da ake ganin waje."

"Komai lafiya," ya ce. Muryarsa ma ba ta yarda da shi ba.

Da ya ajiye wayar, tsoro na gaske ya kama shi. Ya so a ce safiya ta dawo. Ya tsara a ransa yadda zai ce wa na gaba, "Ku yi haƙuri, akwai gyara a maganata." Amma da ya tuna cewa mutum biyu sun riga sun rubuta, sai ya ji kunyar ta fi ƙarfinsa. Ya ce bari dai ya lallaɓa a haka, saura kaɗan a tashi.

Ta ƙarshe wata dattijuwa ce mai furfura, shugabar injiniyoyin sashen. Ba ta zo da kwamfuta ba. Ta miƙa masa alƙalamin allo ta ce, "Zana min yadda manhajar nan ke aiki in netwok ya ɗauke. Mu ma irin ciwon da ke damunmu ke nan."

A nan Manaja ya manta da kansa. Ya zana, ya goge, ya sake zanawa. Ya gaya mata hanyar da aka fara bi ta ƙi, da dalilin da ya sa ta ƙi. Ya gaya mata yadda shago biyu na mutum ɗaya suka sayar da kwalbar ƙarshe a lokaci guda, da dabarar da ta raba gardamar. Tun safe sai yanzu ya ji numfashinsa ya daidaita. Dattijuwar ta taso ta tsaya kusa da allon, tana tambaya yana amsawa tun kafin ta rufe baki.

Da ya gama, ta juyo ta dube shi. Sannan ta ce a hankali, "Ɗana, ka san aikin nan kamar wanda ya kwana ya tashi da shi. Zan tambaye ka, kuma duk amsar da ka ba ni ba laifi. Mutane sukan ruɗe da safe, mun saba gani. Tsakaninka da Allah, kai ka rubuta, ko yaron naka?"

Ni dai a nan ne nake jin takaicin Manaja. Matar nan ta buɗe masa hanya da hannunta, ta ma share masa ita. Kalma biyu kawai ake nema: "Ni ne." Amma ya dubi gilashin, ya hango dogon mutumin yana wucewa, ya tuna yadda ya kaɗa hannu da safe.

"Shi ne," ya ce. "Ni dai ina bin aikin yarana sosai."

"To," in ji ta. Ta karɓi alƙalaminta ta fita.

Bayan 'yan kwanaki jami'ar ta kira. Yana zaune a bakin katifa, matarsa ta ce ya buɗe muryar wayar ta ji da kunnenta. Jami'ar ta yi godiya, sannan ta ce a gurbin manaja ba su gamsu ba, amsoshinsa kan jagoranci ba su zauna ba. A gurbin injiniya kuwa ya yi ƙoƙari sosai, amma shi da bakinsa ya ce ya wuce matakin rubutu, su kuma mai zama ya rubuta suke nema.

"Sai dai muna da roƙo," ta ce. "Shugabar injiniyoyi ta ce wanda ya rubuta ɓangaren nan, shi take so, ko gobe ya fara. Ko za ka taimaka mana da lambar yaron naka?"

"Zan... zan duba muku," ya ce, ya kashe wayar.

Matarsa ta zuba masa ido. "Wane yaro? Abban Ummi, ba kai ne ka yi wata da watanni a kan tabarmar nan da kwamfuta a cinya ba? Ba ni ce nake hana Ummi taɓa maka waya ba? Yaushe ka yi yaro ban sani ba?"

Ta ce ya kira su yanzu ya faɗi gaskiya. Ya ce sai gobe. Goben ta zo ya ce sai ya tsara magana. Sai da mako ya juyo sannan ya kira, ya ce babu wani yaro, shi ne ya rubuta da hannunsa. Jami'ar ta ce cikin ladabi, "Malam, an tambaye ka a ɗakin. Da a can ka faɗa, da an wuce wurin. Yanzu ba mu san wace maganar taka za mu riƙe ba." Ta yi masa fatan alheri.

Ƙarshen wata mahaifiyarsu ta iso. Matar Manaja da Ummi suka koma gidan iyayenta kafin a ga abin da hali zai yi, shi kuma aka ce ya riƙa shimfiɗa a falo. Labarin ya riga ya zaga gidan. Ranar kwashe kaya, shi da yayansa suka kama katifa, ta maƙale a ƙofar ɗakin, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Yayan ya sauke nasa gefen, ya share zufa, ya leƙo ta saman katifar.

"Manaja," ya ce, "kira mana yaron naka ya kama mana."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya raina abin da Allah ya hore masa don kwaɗayin matsayin da ba nasa ba. Manaja ya je da abin da ake nema a hannunsa, ya kyautar da shi ga wanda babu shi, don kawai a ce shi ne babba. Ƙarya kuma ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, kowace tambaya sai ta nemi a ƙara mata wata, har mai ita ya rasa hanyar fita. In ka je neman aiki, ka faɗi abin da ka yi da hannunka komai ƙanƙantarsa a idonka, ka bar wa wasu nasu. In kuma harshe ya riga ya zame, ka gyara tun ana tambayarka, domin kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan abin da Manaja ya rasa.